Tambayoyin da ƙanne ke yawan yi mini kan binciken graf a master da doktora

Ni ɗan Tawa ne, karatu ya kawo ni Yamai, yanzu ina cikin shekara ta uku ta tez a lissafi, ɓangaren da ake ce ma tiyorin graf. Tun ranar da ƙanne ƴan lisans suka ji abin da nake yi ban sake shan shayi cikin kwanciyar hankali ba, a fada tambaya, bakin amfi tambaya, har cikin faba-faba wani ya taɓa tare ni da kaye a hannu. Kuma tambayoyin kusan iri ɗaya ne kullum. Shi ya sa na tara su nan, wanda ya sake tambaya sai in ce je ka karanta.

Yaya, wai mi ne ne graf ɗin? Irin wanda muke zanawa a lise da x da y?

A'a, wancan kurb ce ta fonksiyo, babu abin da ya haɗa su sai kamar suna. Graf ɗinmu ɗigo ne da layi, shi ke nan. Ka sa ɗigogi a takarda, ka ja layi tsakanin waɗanda ke da alaƙa. A aji ana ce ma ɗigon "some", layin kuma "aret", amma ni nan ɗigo da layi zan riƙa cewa. Ɗigon na iya zama gari layin ya zama hanya, ko ɗigon mutum ne layin kuma "sun san juna". Tsawon layi ko karkatarsa ba ruwanmu, abin da muke dubawa kawai wa ke haɗe da wa.

Ga abu na farko da ake koya ma kowa. A wajen ɗaurin aure mutane sun yi ta musabaha, ka tambayi kowa hannu nawa ya gaisa da shi ka tara lissafin duka, dole adadin ya rabu biyu daidai, saboda kowace gaisuwa an ƙidaya ta sau biyu, wajen mai miƙa hannu da wajen mai karɓa. Daga nan sai ka gano waɗanda suka yi gaisuwa mara, wato 1, 3, 5, yawansu dole ya zama cika. In ka ji daɗin wanga ɗan zance to akwai alamar fannin zai karɓe ka.

Daga ina abin ya samo asali?

Daga gadoji. A garin Konigsbag, wanda yau ake kira Kaliningirad cikin Rasha, akwai gadoji 7 bisa kogin Piregel da suka haɗa yankuna huɗu na garin, mutane na tambaya ko za a iya yin yawo a bi kowace gada sau ɗaya tak. Leonhard Euler ya amsa a 1736: ba ya yiwuwa. Hujjarsa kuwa, duk yankin da ka shiga ta wata gada sai ka fita ta wata, don haka gadojinsa sai sun zama cika, in banda inda ka faro da inda ka ƙare. To can yankunan huɗu duka mara ne, ɗaya na da 5 sauran 3, 3, 3. Magana ta ƙare.

Ba sai ka je Rasha ba ma, mu gwada da Yamai. Lokacin da gadojin kogin Isa biyu ne, Kennedy da ta biyu wadda Sinawa suka gina, ka tashi daga Harobanda ka haye ta ɗaya ka dawo ta ɗayar, ka bi duka ka kwana gidanka. Yanzu da aka buɗe ta uku, gadar Janar Seyni Kountché a 2021, kowace gaɓa gada 3 gare ta, mara ke nan. Za ka iya bin duka ukun sau ɗai-ɗai amma wallahi ba ka ƙarewa a gaɓar da ka faro, sai dai ka maimaita gada ko ka nemi mai kwalekwale. Wanga shi ne tiyorem ɗin Euler gaba ɗaya, a kuɗin taksi.

Sai dai fannin ya daɗe bai zama fanni ba. Littafin farko da aka rubuta kacokan a kansa na Dénes Kőnig ne ɗan Hangari, a 1936, shekara 200 cif bayan Euler. Mu masu karatu da Faransanci kuma ta hannun Claude Berge abin ya iso mana, littafinsa na 1958 ne ya kafa yawancin kalmomin da malamanmu ke amfani da su har yau.

To in ɗigo da layi ne kawai, mi ya rage da za a bincika har mutum ya yi shekara uku ko huɗu?

Wagga ita ce tambayar da na fi so kuma ita ce tarkon da ya fi kama mutane. A wanga fanni tambaya na da arha, amsa ce ke da tsada. Yaro ɗan sizyem zai gane tambayar cikin minti biyu, manyan duniya su yi shekara ɗari ba su amsa ba.

Ɗauki taswira. Kana son shafa ma kowace jiha launi yadda biyu masu iyaka da juna ba za su yi launi ɗaya ba. Jihohinmu 8 launi uku ya ishe su, gwada ka gani: Agadas ja, Tawa da Damagaram kore, Maraɗi da Difa shuɗi, Doso ja, Tilaberi shuɗi, Yamai da ke tsakiyar Tilaberi ka ba ta ja ko kore. Biyu ba su isa saboda Tawa da Doso da Tilaberi kowacce na taɓa sauran biyun. Amma koma taswirar ƙasashe. Nijar na da maƙwabta 7, kuma sun yi mata zobe kowa na riƙe da na kusa da shi: Aljeriya, Libiya, Cadi, Najeriya, Benin, Burkina, Mali, sannan Mali ta koma ta taɓa Aljeriya. Cadi da Najeriya ma suna da ƴar iyaka can wajen tafkin Cadi, kar ka manta da ita. Zobe mai mutum 7 ba ya shafuwa da launi biyu, kana yin ja, kore, ja, kore, in ka zo na bakwai sai ka tarar yana tsakanin ja da kore, dole launi na uku. Ita kuma Nijar da ke taɓa su duka sai na huɗu. Ƙasarmu da kanta hujja ce cewa launi uku ba ya isa.

To huɗu fa, kullum yana isa ga kowace taswira? Francis Guthrie ya yi tambayar a 1852. Alfred Kempe ya fitar da hujja a 1879, kowa ya yarda, aka yi shekara 11 ana koyar da ita kafin Percy Heawood ya gano kuskure a ciki a 1890, abin da ya iya cetowa shi ne launi biyar na isa. Sai a 1976 Kenneth Appel da Wolfgang Haken a Amurka suka gama aikin, shi ma da taimakon ordinater da ta bi siffofi kusan dubu biyu ɗaya bayan ɗaya, har wasu malamai suka ce su ba su yarda da hujjar da mutum ba zai iya karantawa da idonsa ba. Daga baya Robertson da Sanders da Seymour da Thomas suka rage siffofin zuwa 633, kuma a 2005 Georges Gonthier ya sa lojisiyel ɗin Coq ya tantance hujjar layi-layi. Daga 1852 zuwa 1976 shekara 124 ke nan, a kan tambayar da na gama yi maka bayaninta da sunayen maƙwabtanmu.

Ba ni misalin abin da har yanzu ba a sani ba.

Bari in fara da wanda aka sani don ka ga tazarar. Mutum shida zaune a fada, ko su wane ne. Dole a samu uku da duk sun san juna, ko uku da babu wanda ya san wani a cikinsu. Hujjar: ɗauki ɗaya, mu ce mai dafa shayi. Saura biyar, to ko ya san aƙalla uku cikinsu, ko akwai aƙalla uku da bai sani ba. Mu ce ya san uku. In biyu cikin ukun nan sun san juna, su da mai shayi sun cika uku masu sanin juna. In kuma babu, to su ukun ne baƙin juna. Ɗayan ɓangaren ma haka yake in ka juya zancen. Mutum biyar kuwa ba su isa, zaunar da su zobe kowa ya san na damansa da na hagunsa kawai, ka duba ba za ka samu ko ɗaya ba. Ana rubuta wanga R(3,3) = 6, lambar Ramsey.

In kana son huɗu maimakon uku amsar 18 ce, an san ta tun 1955. Biyar fa? Babu wanda ya sani a duniya. An san dai ba ta ƙasa da 43, kuma aikin Angeltveit da McKay na 2024 ya nuna ba ta wuce 46 ba. Lamba huɗu kacal, 43, 44, 45, 46, an kasa zaɓen ɗaya. Za ka ce a ba ordinater mana. Mutum 43 na da alaƙa 903 tsakaninsu, kowacce ko "sun sani" ko "ba su sani ba", wato 2 sau kanta har 903, lambar da ko duk injunan duniya suka taru ba su ƙare ta kafin tashin kiyama.

Akwai wasu da dama. Hasashen Hadwiger na 1943 (hasashe shi ne zancen da ake zaton gaskiya ne amma ba a samo hujjarsa ba), wanda ya haɗiye zancen launi huɗu a cikinsa, an tabbatar da shi har mataki na 6 a 1993, daga 7 zuwa sama shiru. Akwai hasashen Kelly da Ulam, wai in aka ba ka duk guntayen graf da ake samu in an cire ɗigo ɗai-ɗai za ka iya gane asalin graf ɗin, shi ma yana nan a buɗe.

To sai in ɗauki ɗaya cikin waɗannan in yi tez a kai ke nan?

Ƙanena rufa ma kanka asiri. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma waɗanda suka yi shekara talatin cikin ɗakunan nan ba wawaye ba ne. Tez na da wa'adi, burs ma na da wa'adi, kai kuma gida ana jiran ka. Ba a ɗaukar babban hasashe gaba ɗaya a ce shi ne sije. Abin da ake yi, ana yankar gefe: a tabbatar da shi ga wani dangin graf ƙarami, ko a matsa wata iyaka kaɗan, ko a nuna in kaza ya tabbata to kaza ma ya tabbata. Tez mai kyau sau da yawa sakamako uku ne ko huɗu matsakaita da ke riƙe da juna, ba tsawa guda ba.

Na san za ka kawo mini labarin Yaroslav Shitov, wanda a 2019 ya rusa hasashen Hedetniemi da ke tsaye tun 1966 da ƴan shafuka kaɗan, ko Hao Huang da ya warware wata tsohuwar matsala a shafi biyu cikin wannan shekarar dai. Gaskiya ne, yana faruwa. Amma Huang da bakinsa ya ce shekaru ya yi yana komawa kan matsalar yana barin ta, yana kuma wasu ayyukan da ke ciyar da shi. Ka ajiye babbar matsalarka a aljihu kana leƙa ta ranar lahadi, sauran kwana shidan ka yi aikin da zai kai ka sutnans.

Ka dubi ɗayan gefen kuma. Hasashen Berge kan wani dangin graf da ake ce ma "parfe", ƙarami da babba, ya fito farkon shekarun 1960, László Lovász ya tabbatar da ƙaramin a 1972, babban kuwa sai 2002 Chudnovsky da Robertson da Seymour da Thomas suka gama shi, hujjar ta haura shafi 150, aka buga ta a 2006. Maria Chudnovsky a lokacin ɗalibar doktora ce wajen Seymour, wanga ya kamata ƙannena mata su riƙe. Amma ka lura cikin ayari ta yi shi, ba ita kaɗai a ɗaki ba.

Kai ka taɓa faɗawa tarkon?

Sau biyu, kuma na farkon har yau abokaina na yi mini dariya da shi. Ina master shekarar farko na lura da wani abu: graf ɗin da kowane ɗigo ke da layi uku, in babu layin da cire shi zai raba graf ɗin gida biyu, kullum ina iya shafa ma layukan launi uku yadda masu haɗuwa a ɗigo ɗaya ba su yi launi ɗaya ba. Na gwada misali ya fi talatin da hannu, duk ya yi. Na cika kaye guda, sati biyar ban yi barcin kirki ba, lokacin zafin Afrilu ne ga kuran na ɗaukewa ina rubutu da fitilar salula, har na fara tunanin sunan da za a sa ma tiyorem ɗin. Na kai ma malamina. Ya buɗe shafin farko, bai ko juya na biyu ba, ya ɗauki alli ya zana kusurwa biyar a tablo, ya zana tauraro a cikinta, ya haɗa kowane ƙoƙon tauraron da kusurwar da ke kusa da shi. Ya miƙo mini alli kala uku ya ce "bismilla, shafa." Ya tahi salla ya dawo ina nan tsaye, hannu duk alli, kullum layi biyu ko fiye na ƙin shiga. Graf ɗin Petersen ke nan, ɗigo 10 layi 15, an san shi tun ƙarni na 19, kuma sai da launi huɗu. Ya ce mini daga yau duk abin da ka zata gaskiya ne, fara gwada shi a kan wanga kafin ka ɓata tawada. Na ce to Malam. Abin haushin ma, ashe in ka taƙaita zancena ga graf da ake iya zanawa ba tare da layuka sun gitta juna ba, daidai yake da matsalar launi huɗu, Tait ya nuna haka tun 1880. Wato da kaye ɗaya na so in yi abin da ya ci mutane shekara 124.

Na biyun ya fi ciwo don gaskiya ne abin da na samu, hujjar ma daidai, wata huɗu na yi a kai. Sai na tarar an buga shi tun kafin a haife ni, da wasu kalmomi daban shi ya sa bincikena bai nuno shi ba. Tun daga nan ba na fara komi sai na nemi abin da sunaye uku ko huɗu, da Faransanci da Ingilishi.

Wane lissafi ya kamata in riƙe da kyau kafin in shiga?

Aljebar liniyer da farko, don graf na komawa matiris kuma akwai reshe guda da ke karanta halin graf daga valer propir ɗinsa, wato wasu lambobi da ake fitarwa daga matiris ɗin. Sai probabilite, kar ka raina ta. Paul Erdős a 1947 ya nuna akwai graf masu wata siffa ba tare da ya zana ko ɗaya ba, cewa ya yi a jefa kwabo a kan kowane layi, ya lissafa ya ga damar a samu abin da ake so ta fi sifiri, to ke nan akwai shi. Wagga dabara yau rabin fannin na cin abinci da ita. Sai ƴar tiyorin gurup da sanin algoritim. Amma abin da ya fi duka, iya rubuta hujja tsaf, musamman rekirans da hujja ta hanyar ɗaukar kishiyar zance. Na ga masu maki 16 a analiz da suka sha wuya nan saboda sun saba da bin formil, nan kuwa ba formil, kowace matsala da irin ƙofarta.

Dole sai na iya Ingilishi?

Dole. Memuwar da tez ka rubuta da Faransanci, amma kusan duk artikil da za ka karanta da wanda za ka buga da Ingilishi suke. Daɗin abin Ingilishin lissafi ba shi da yawa, kalmomi ne ƙalilan ke ta dawowa, wata uku kana karanta shafi ɗaya kullum za ka saba.

Ina bukatar babbar ordinater?

A'a, wadda kake da ita ta isa in dai batirinta na riƙe wuta. Wanga na cikin abin da ya sa nake ganin fannin ya dace da mu, mai kimiyyar sinadarai sai da labo da kayan miliyoyi, kai kuwa kaye da bik da tsohuwar portabil. Ka sa SageMath, ko Python da NetworkX, duk kyauta ne. Akwai kuma nauty na Brendan McKay, cikinsa da wani ɗan program geng da ke zubo maka duk graf masu ɗigo kaza, sai ka gwada hasashenka a kansu kafin ka fara neman hujja. Da na san shi da Petersen bai kunyata ni ba.

Sai dai ka san iyakarsa. Graf masu ɗigo 10 guda 12,005,168 ne, wanga injinka zai iya. Masu 11 sun haura biliyan ɗaya, masu 12 sun haura biliyan 165. Kuma in hasashe ya tsira har ɗigo 10 ba hujja ba ce, ƙarfin gwiwa ne kawai. Shawara ta ƙarshe nan, ka sa program ɗinka ya riƙa ajiye sakamako a fishiye lokaci-lokaci, na taɓa rasa lissafin awa goma sha ɗaya saboda kuran ta tahi da asuba batiri kuma ya mutu.

Ina zan samu artikil tunda revi ɗin na kuɗi ne?

Yawancin sababbin ayyuka na arXiv, wani rumbun artikil a intanet, kyauta tun kafin a buga su, ka duba sashen math.CO. Tez ɗin da aka yi a Faransa da yawa na HAL, irin wanga rumbu na Faransa, kuma babin farko na tez shi ne wuri mafi sauƙi na shiga sabon sije don mai shi ya riga ya tauna maka tarihin. Electronic Journal of Combinatorics ma ba a biya, ko karatu ko bugawa. In ka rasa wata tsohuwar takarda rubuta ma mai ita imel gajere cikin ladabi, ni dai da wuya aka hana ni.

Ka yi hattara da masu aiko saƙo wai za su buga maka artikil cikin sati ɗaya in ka biya. Revi ta gaskiya watanni take ɗauka, wani lokaci fiye da shekara, don sai wasu masana sun bi hujjar. Kuma in kana da niyyar koyarwa a jami'a, wata rana dosiyenka zai je gaban CAMES a Wagadugu, hukumar da ke tantance malaman jami'a, can kuwa ana duba inda aka buga, ba yawan takardun kawai ba.

In babu malamin da ya ƙware a graf kusa da ni fa?

Wagga matsala ce ta gaske, ba mu kaɗai ba, sassan lissafi da yawa a yankinmu sun fi ƙarfi a analiz da aljebar da lissafin aikace. Hanyar da aka fi bi ita ce ankadirer biyu, ɗaya nan gida ɗaya waje, ko kotutel in an samu. Inda ake haɗuwa da na wajen kuwa: makarantun bincike na CIMPA da ake shiryawa a ƙasashe masu tasowa, sati biyu ne galibi, sai cibiyoyin lissafi na AIMS a Senegal da Gana da Kamaru da Ruwanda da Afirka ta Kudu, sai cibiyar bincike ta ICTP a Tiriyeste ta Italiya. In za ka rubuta ma wani farfesa kar ka aika "ina son yin tez da kai" kawai, irin wanga ba a amsa shi. Karanta takardarsa guda, ka yi tambaya a kan wani lema, wato ƙaramin tiyorem da ke cikinta, takamaimai, ko ka ce na gwada kaza a kan graf kaza ga abin da na gani.

Baba na tambaya wane aiki ake samu da shi. Mi zan ce masa?

Ka ce masa koyarwa da farko, kar ka yi masa ƙarya, jami'o'in Yamai da Tawa da Maraɗi da Damagaram da sauran duk suna bukatar malaman lissafi. Sannan ka ba shi misalin da zai gani da ido. Raba firikans tsakanin antenonin salula don na kusa da juna kar su shiga ma juna, shafa launi ne. Tsara jarrabawa yadda ɗalibi ba zai samu biyu a awa ɗaya ba, shafa launi ne. Hanyar da salula ke nuna ma direba, jikar algoritim ɗin Dijkstra ce na 1959. Ja wayar lantarki zuwa garuruwa da mafi ƙarancin waya kuwa, a kan wanga ne Otakar Borůvka ya ƙirƙiro nasa algoritim a 1926 don yankin Morabiya. Wanda ya haɗa graf da iya program ba ya rasa abin yi. Amma in tsakani da Allah ne, abin da nake yi a tez ɗina ba zai ja ma kowa waya ba bana ko baɗi, ni ma haka na gaya ma tsohona, ya yi shiru ya ce to Allah ya sa albarka.

To kai a kan mi kake aiki takamaimai?

Bishiyoyi. Bishiya a wajenmu graf ce da ke haɗe duka amma babu zobe a ciki. In tana da layi m, ana so ka raba ma ɗigoginta lambobi daga 0 zuwa m, kowa da tasa, yadda in ka ɗebe lambobin bakin kowane layi za ka samu 1, 2, 3 har m, babu maimaici. Gwada da ɗigo huɗu a jere: sa 0, 3, 1, 2. Bambancin 3, 2, 1. Ya yi. Hasashen, wanda ake dangantawa da Ringel da Kotzig, shi ne kowace bishiya na karɓar irin wanga lambobi. Alexander Rosa a 1967 ya tabbatar da shi ga waɗanda ake kira tsutsa, wato kashin baya ɗaya da ƙafafu a gefe, an kuma bi duk bishiyoyi har masu ɗigo 35 da ordinater ba a samu mai gardama ba. Amma da ka ƙara ma ƙafafun tsutsar gaɓa ɗaya, su ma su yi ƴan yatsu, to an shiga daji, wanga ko shi ba a gama ba.

E, na ji, na ce kar a taɓa manyan hasashe. Ban taɓa shi duka ba, wani ɗan dangi na yanka cikin masu yatsun nan, inda duk ƙafafun ke da yatsu adadi ɗaya. In adadin mara ne na samu hanyar jera lambobin, ta fito, malamaina biyu sun bi hujjar, takardar na wajen revi wata na bakwai ke nan. In cika ne kuwa dabarar na tahiya lahiya lau har ta zo tsakiyar kashin bayan, nan sai lambobi biyu su yi karo a bambanci ɗaya. Ordinater na samo mini jeri mai aiki ga duk ƙananan da na ba ta, ke nan akwai shi, ni ne ban ga tsarin ba. Na buga guda arba'in a takarda na manna a bangon ɗaki, mai gidan da nake haya ya leƙo rannan ya tambaye ni ko hatimi nake rubutawa.